Sankarar yara: yadda ɗigon da allura ta zuƙo ke faɗin sunan ciwo

Abin yakan soma ne kamar wasa. Yaro ɗan shekara shida ya wayi gari da kumburi a gefen muƙamuƙi, a gida a ce haƙori ne, maƙwabta su ce hangum ne, a shafa masa magani a jira. Kafin sati biyu kumburin ya kai girman lemu, haƙoran wurin sun soma girgiɗi, abinci ya gagara taunuwa. A wani gidan kuma uwa ce ke yi wa ɗiyarta mai shekara uku wanka, sai hannunta ya ci karo da wani abu mai tauri a gefen ciki, alhali yarinyar na wasanta, ba ta kukan komai. Nan ma akwai amsa a shirye: saifa ce, ko kuma tamowa.

Sau da yawa maganar mutanen gida gaskiya ce, domin yawancin kumburin da ke fito wa yara ba sankara ba ne. Amma akwai kason da sankara ce, wadda wasu ke ce wa ciwon daji ko kansa. Idan aka kai irin wannan yaro babbar likita, abu na farko da ake nema shi ne sunan ciwon, domin kalmar sankara ita kaɗai ba ta isa a rubuta magani a kanta ba. Sankarar yara iri-iri ce, kuma kowace da maganinta.

Hanya mafi sauri ta samun wannan suna ita ce a soka wata siririyar allura cikin kumburin, a zuƙo ɗigo ɗaya ko biyu, a shafa a kan gilashi a duba. Likitoci na ce wa wannan aiki sitoponksiyon. A nan ne iyaye da dama ke ja da baya, saboda maganar da ta daɗe tana yawo cewa daji ba ya son ƙarfe, da zarar allura ta taɓa shi sai ya fusata ya bazu. Wasu kan ɗauke ɗansu su koma gida ba tare da an yi awon ba, sai bayan wata guda su dawo da shi lokacin da ciwon ya ci ƙarfinsa.

Me ya sa suke kama da juna

Jikin mutum an gina shi ne da ƙwayoyin halitta, waɗanda ido ba ya gani sai da madubin likita, wato mikroskop. Kowace ƙwaya tana da cibiya a tsakiya da wani ruwa mai kauri kewaye da ita, kamar gwaiduwar ƙwai da farinsa. Ƙwayar da ta girma ta kama aikinta tana da siffar da ake gane ta da ita: ta tsoka doguwa ce, ta jijiya tana da rassa, ta kitse kuma cike take da mai. Sankarar manya, irin ta nono ko ta bakin mahaifa, takan fito ne daga ƙwayoyin da suka riga suka kama sana'arsu, don haka ko sun lalace akan ga alamar asalinsu.

Ta yara ba haka take ba. Da yawa daga cikinta na fitowa ne daga ƙwayoyin da ba su gama girma ba, irin waɗanda ke gina jikin jariri tun yana ciki. Duk manomi ya san cewa kwana kaɗan bayan shuka, tsiron hatsi da na dawa da na wata ciyawar sai mai ido ke rarrabe su, alhali idan sun fid da kai ko yaro ba ya ruɗewa. Haka waɗannan ƙwayoyi suke. Ƙanana ne, kewayayyu, kusan duk jikinsu gwaiduwa ce, farin kaɗan ne. Da yake cibiyar ƙwaya na shan rini sosai, idan aka rina su sai gilashin ya cika da ƴan ɗigogi masu shuɗi a cunkushe. Shi ya sa likitoci suka haɗa su cikin suna ɗaya, suna ce musu ƙari masu ƙananan ƙwayoyi kewayayyu.

A cikin wannan gida akwai nefroblastom, sankarar ƙoda, wadda ake kuma kira da sunan likitan Jamus Max Wilms da ya yi rubutu a kanta a 1899. Akwai niroblastom, wadda ke fitowa daga ƙwayoyin jijiya, galibi a wata ƴar halitta da ke zaune a kan ƙoda. Akwai retinoblastom ta cikin ido, da rabdomiyosarkom ta tsoka, da sarkom ɗin Ewing ta ƙashi, da hepatoblastom ta hanta. Sai kuma limfoma, wadda ke fitowa daga wani nau'in fararen ƙwayoyin jini, waɗanda dama can ƙanana ne kewayayyu.

Kamar da suke yi wa juna a kan gilashi ba ta hana maganinsu shan bamban ba. Limfomar Burkitt ba a yi mata fiɗa don a cire ta, maganin shimiyo ne mai ƙarfi na ƴan watanni. Wata limfomar da ake ce wa limfoblastik kuwa maganinta na ɗaukar kusan shekara biyu. Sankarar ƙoda, bisa tsarin da ake bi a Turai da ƙasashen Afirka da dama, akan ba da shimiyo na sati huɗu, a cire ƙodar, sannan a ci gaba da magani. Yaron da aka buɗe wa ciki alhali Burkitt ce gare shi ya sha wahalar fiɗa a banza, kuma kwanakin da zai yi yana jiran rauni ya warke kwanaki ne da ciwon ke ƙaruwa. Wanda aka ba maganin Burkitt alhali sankarar ƙoda ce shi ma ya sha magani mai ƙarfi ba tare da an taɓa tushen ciwonsa ba.

Yadda ake yin aikin

Allurar da ake amfani da ita ta fi ta ɗibar jini a hannu siranta, kaurinta bai kai milimita ɗaya ba. Idan kumburin a fili yake, kamar a wuya, ko muƙamuƙi, ko hammata, likita zai goge wurin, ya riƙe ƙarin da yatsu biyu, ya soka allurar, ya ɗan motsa ta gaba da baya, ya zare. Ba yanka, ba ɗinki, kuma cikin mintoci an gama. Yakan maimaita sau biyu ko uku a wurare daban-daban na kumburin. Ƙaramin yaro da ba zai tsaya wuri ɗaya ba akan ba shi maganin da zai kwantar da shi. Idan ƙarin a cikin ciki yake, ana yin aikin ne ana kallon na'urar eko, don allurar ta kauce wa hanji da manyan hanyoyin jini, kuma kafin nan akan auna ko jinin yaron yana daskarewa yadda ya kamata.

Ba daga ƙarin kaɗai ake samun ƙwayoyin ba. Idan ruwa ya taru a ciki ko a ƙirji akan zuƙo shi a duba. Akan zuƙo ɓargo daga ƙashin ƙugu, akan kuma ɗebi ruwan gadon baya, don a san ko ciwon ya isa can.

Abin da ya fito sai a shafa shi a kan ƴan gilasai, wasu a bar su su bushe a iska, wasu a tsoma su cikin alkol, sannan a rina. Ɗaya daga cikin rinin da aka fi amfani da su ba baƙo ba ne a Nijar. Shi ne rinin Giemsa, wanda masanin kimiyya Gustav Giemsa ya haɗa a birnin Hamburg na Jamus a farkon ƙarni na 20 don ganin ƙwayar palu a cikin jini, kuma har yau da shi ake rina ɗigon jinin awon palu a labo. Ma'ana, mikroskop da gilashi da rinin da ake buƙata a matakin farko ba kaya ne masu wuyar samu ba. Abin da ke da wuyar samu shi ne idon da ya koyi karanta su.

Dabarar kanta ta daɗe. A 1930 masu bincike biyu a birnin New York, Hayes Martin da Edward Ellis, suka wallafa yadda suke gano sankara ta hanyar zuƙo da allura. Daga baya likitocin asibitin Karolinska da ke Stockholm a ƙasar Suwidin suka inganta ta da siririyar allura a shekarun 1950 da 1960, daga can ta yaɗu. A tsawon waɗannan shekaru an yi wa mutane marasa iyaka wannan awo, kuma abin da aka gani shi ne bin sawun siririyar allura da sankara ke yi abu ne da ba safai yake faruwa ba. Abin da ke sa mutane su zargi allura shi ne, wasu daga cikin waɗannan ƙari suna girma da saurin da ko an taɓa su ko ba a taɓa ba, kumburin gobe zai fi na yau.

Burkitt, mai saurin gudu

Babu wadda ta kai limfomar Burkitt sauri. Ƙwayoyinta na iya ninka yawansu cikin awa 24 zuwa 48. Ko da yake wasu na mutuwa a hanya, hakan ya isa ya nuna dalilin da sati biyu na jira ke mai da kumburi mai girman goro ya rufe rabin fuska.

Sunan ya samo asali ne daga Denis Burkitt, likitan fiɗa ɗan ƙasar Ailan da ya yi aiki a asibitin Mulago na birnin Kampala a Yuganda. A 1958 ya bayyana wani ciwo da ke kumbura muƙamuƙin yara. Ya aika wa likitoci wasiƙu a sassan Afirka yana tambaya ko suna ganin irinsa, a 1961 kuma ya yi tafiyar kusan kilomita 16,000 a mota yana zagaya asibitocin gabashi da kudancin nahiyar. Ya gano cewa ciwon na bin zafi da ruwan sama, ba ya yawa a kan tsaunuka masu sanyi. Daga baya aka fahimci cewa taswirar ciwon ta yi daidai da ta palu. A 1964, daga naman da Burkitt ya riƙa aikawa Landan, Anthony Epstein da Yvonne Barr da Bert Achong suka gano wata ƙwayar cutar birus, wadda ake kira Epstein-Barr.

Wannan birus yana jikin fiye da kashi 90 cikin ɗari na manyan mutanen duniya ba tare da ya yi musu komai ba, don haka ba a ɗaukar Burkitt daga wani yaro zuwa wani. Abin da masana suka fahimta shi ne, palu mai yawan dawowa yana sa wani nau'in fararen ƙwayoyin jini yawan haihuwa, yana kuma raunana tsaron da jiki ke yi wa birus ɗin, har wata ƙwaya ta yi kuskure. Ciwon ya fi kama yara daga shekara 4 zuwa 7, maza fiye da mata. Yana fitowa a muƙamuƙi, ko kewayen ido, ko cikin ciki, wani lokaci ya danne lakar gadon baya yaro ya wayi gari ƙafafu sun mutu.

A kan gilashi Burkitt na daga cikin waɗanda suka fi bayyana kansu. Ƙwayoyinta a warwatse suke, ba sa manne wa juna, girmansu kusan ɗaya. Ɗan farin da ke kewaye da cibiya yakan yi shuɗi mai duhu kamar zanen da ya sha baba, da ƴan huje-huje farare a ciki, waɗanda ɗigogin mai ne. Akan ga ƙwayoyi da yawa suna cikin rabuwa biyu, da wasu manyan ƙwayoyi masu haske da suka haɗiye gawarwakin waɗanda suka mutu, abin da likitoci ke kwatantawa da taurari a sararin dare. Idan shekarun yaro da wurin kumburi da saurinsa suka dace da wannan hoto, gwanin likita na iya ba da amsar farko a ranar. A ƙasashe irin su Malawi da Kamaru an daɗe ana soma magani bisa wannan awo, kuma da magunguna masu sauƙi irin su siklofosfamid da metotreksat an riƙa warkar da kimanin rabin yaran. A ƙasashe masu arziki, inda ake ba da magani mai ƙarfi tare da kulawar da ta dace, fiye da kashi 90 cikin ɗari ne ke warkewa. Saurin da ya sa ciwon ya zama abin tsoro shi ne kuma ya sa yake jin magani, har akan ga kumburi ya soma saɓewa cikin kwanaki.

Sauran ƴan gidan sun fi ɓoye kansu. Likitan da ke karanta gilashin yana neman ƴan alamun sana'ar da ƙwayar ta so ta kama ba ta kai ba. A niroblastom akan ga wasu zarurruka masu laushi tsakanin ƙwayoyin, waɗanda rassan jijiya ne da ba su nuna ba, wani lokaci kuma ƙwayoyin su yi da'ira kewaye da zaren kamar fure. James Homer Wright ne ya bayyana wannan siffa a 1910, sai dai ba a kowane gilashi ake samun ta ba. A sankarar ƙoda ana neman abubuwa uku tare: ƙananan ƙwayoyin, da wasu da suka jeru kamar ƙaramin bututu, da wasu dogaye. Idan allura ta faɗa wurin da ƙananan kaɗai suke, to ba a ga komai ba sai shuɗi. A rabdomiyosarkom ana farautar ƙwaya mai jela kamar talibambam, alamar tsokar da ta soma. Sarkom ɗin Ewing, wadda James Ewing ya bayyana a 1921, ƙwayoyinta na ɗauke da wani nau'in sukari da rini na musamman ke fito da shi. Ita wannan ba ta da yawa a tsakanin baƙar fata, abin da likita ke sakawa cikin lissafinsa.

Shi ya sa ba a karanta gilashi a makance. Ƙari a cikin yaro ɗan wata takwas da ƙari a ƙashin cinyar ɗan shekara 14 na iya yin kama a mikroskop, amma tunanin likita a kansu ba ɗaya ba ne. Shekaru, da wurin ciwo, da ranar da ya soma, da hoton eko ko radiyo ko sikanar, duk suna cikin awon. Takardar da aka aika labo babu waɗannan bayanai ta rage wa awon rabin ƙarfinsa.

Idan ido ya kasa

Akwai gilasan da ko gwani bai iya wuce cewa ƙari ne mai ƙananan ƙwayoyi kewayayyu ba. Wannan amsa ta tabbatar da sankara, amma ba ta ba da suna ba. Mataki na gaba shi ne a nemi shaidar da kowace ƙwaya ke ɗauke da ita ko da ba ta girma ba, kamar yadda ake gane asalin mutum da tsagar fuskarsa tun yana jariri. Ana zuba wa ƙwayoyin wasu sinadarai da kowannensu abu ɗaya kaɗai yake kamawa, idan ya kama sai wurin ya canza launi. Limfoma na kama wanda ake kira CD45, Burkitt ta ƙara da CD20 da CD10, limfoblastik kuma TdT. Sankarar tsoka na kama desmin da miyojenin, niroblastom na kama sinaptofizin da PHOX2B, Ewing na kama CD99. Akwai kuma Ki-67 da ke nuna yawan ƙwayoyin da ke cikin haihuwa, wanda a Burkitt yake kusan kashi ɗari. Ba a dogara da sinadari ɗaya, domin CD99 alal misali limfoblastik ma tana kama shi. Sai an jera da yawa a duba wanda ya kama da wanda ya ƙi. Don wannan aiki akan wanke ragowar abin da ke cikin allura, a tara ƙwayoyin, a daskarar da su cikin kakin farafin, a riƙa yankawa kamar nama.

Can ƙasa da wannan akwai awon kuromozom, wato ƙunshin gado 46 da ke cikin cibiyar kowace ƙwaya. Wasu sankarar na da tabo nasu na kansu. A kimanin kashi 80 cikin ɗari na Burkitt, wani yanki na kuromozom na 8 ya yi musaya da na 14, abin da ke sakar wa wata ƙwayar gado mai suna MYC linzami ta riƙa tura ƙwaya haihuwa ba tsayawa. A mafi yawan Ewing musayar tsakanin na 11 ne da na 22. A niroblastom, yawaitar ƙwayar gado MYCN na nuna ciwo mai tsanani da ke buƙatar magani mafi ƙarfi. Niroblastom na kuma barin shaida a fitsari, wadda ake iya aunawa a mafi yawan yaran. Waɗannan awo suna da tsada, kuma a ƙasashen Afirka da dama sai an aika da samfurin waje. Amfaninsu ba ƙarami ba ne: a Yuganda, da aka sake duba samfuran da aka riga aka sa wa sunan Burkitt da waɗannan dabaru, an tarar wasu daga ciki wani ciwon ne daban.

Inda allura ba ta zuwa

Ba kowane ƙari ake sokawa ba. Retinoblastom, matuƙar tana cikin ƙwayar ido, ba a huda ta, domin a nan kam hudawa na iya buɗe wa ciwon hanyar fita daga ido. Ana gane ta ne da duba cikin idon bayan an sa yaro barci, da kuma eko. Alamarta ta farko iyaye ne ke gani kafin likita: tsakiyar baƙin ido na ƙyalli fari kamar idon kyanwa da dare, musamman a hoton da aka ɗauka da hasken salula, ko kuma ido ya soma harara garke. Akan ɗauke ta hakiya ko yanar ido a yi ta ɗiga magani. Ta fi kama yara ƴan ƙasa da shekara biyar, kuma kimanin kashi 40 cikin ɗari na gado ne, don haka ana duba idon ƙanne. Idan aka tare ta tana cikin ido, fiye da kashi 95 cikin ɗari na yaran na rayuwa a ƙasashe masu arziki, ko da an rasa idon. Idan ta fito waje labari ya canza.

Sankarar ƙoda ma sau da yawa ba a soka ta. Idan shekarun yaro da hoton eko suka nuna ta sarai, akan soma shimiyo kai tsaye, a tabbatar da sunan bayan an cire ƙodar. Sai idan akwai shakka, misali ko Burkitt ce ta kama ƙoda, sannan a nemi allura.

Allurar kuma tana da iyakarta. Tsakiyar babban ƙari yakan ruɓe, allura ta fito da matattun ƙwayoyi. Wani lokaci jini kaɗai take kawowa, wani lokaci ƙwayoyin su farfashe wajen shafawa saboda rashin ƙwarinsu. Idan labo ta rubuta cewa samfurin bai isa ba, wannan ba ya nufin yaro ba shi da komai, yana nufin a sake. Kuma allura ƙwayoyi take kawowa a warwatse, ba ta nuna yadda suka ginu, kamar a kawo wa mutum bulo biyar a ce ya faɗi fasalin gida. Inda ake buƙatar fasalin, kamar limfomar Hodgkin, sai an yi biyopsi, wato a ciro ɗan nama da allura mai kauri ko da ƙaramar fiɗa. Amsar wannan na ɗaukar kwanaki, domin sai an jiƙa naman cikin formol, an daskarar da shi, an yanka, an rina.

Akwai kuma ranar da allura ke kawo labari mai daɗi. Kaluluwar wuya da ta daɗe na iya zama ta tarin fuka, wanda ake gane shi daga abin da aka zuƙo, kuma maganinsa na wata shida kyauta ne a Nijar. Yaron da aka sa wa maganin tarin fuka bisa zato, aka yi watanni kaluluwar na ƙara girma, shi ma allura ce ya kamata a koma wa.

Tsakanin gida da labo

Hukumar Lafiya ta Duniya OMS ta ƙiyasta cewa yara da matasa kimanin 400,000 ne ke kamuwa da sankara kowace shekara. A ƙasashe masu arziki fiye da kashi 80 cikin ɗari na warkewa, a ƙasashe matalauta da dama kuwa ba su kai kashi 30 ba. Daga cikin dalilan da hukumar ta lissafa akwai makara wajen gano ciwo, da kuskuren suna, da barin magani a tsakiya. A 2018 ta ƙaddamar da shirin kai adadin masu warkewa kashi 60 cikin ɗari kafin 2030, ta kuma zaɓi ciwo shida da za a soma da su. Uku daga ciki, Burkitt da sankarar ƙoda da ta ido, na cikin waɗanda aka fi gani a sassan kula da yara masu sankara na Afirka ta Yamma.

A Yamai akwai cibiyar ƙasa ta yaƙi da sankara CNLC, wadda ta soma aikin gashi da haske a 2021 da tallafin hukumar makamashin nukiliya ta duniya AIEA. Nijar na kuma cikin ƙungiyar GFAOP, wadda likitan Faransa Jean Lemerle ya kafa tare da takwarorinsa na Afirka a shekarar 2000 don horar da ma'aikata da daidaita tsarin magani. Sai dai likitocin da suka ƙware a karanta ƙwayoyi da nama, waɗanda ake ce wa anapat, ba su da yawa, kuma mafi yawansu suna babban birni. Daga Damagaram zuwa Yamai kusan kilomita 900 ne, daga Maradi sama da 600, daga Tawa sama da 500. Matakin kula da lafiyar yara kyauta da aka ɗauka a 2006 kuma ya tsaya ne a shekara biyar, daidai lokacin da Burkitt ke da ƙarfi. A nan allura ke da wata falala da ba a cika faɗa ba: gilashin da ya bushe a iska ba ya lalacewa da wuri, ana iya naɗe shi a sa a motar fasinja ya isa labo mai nisa, ana kuma iya ɗaukar hotonsa ta bakin mikroskop a aika wa gwani ta intanet. Horar da likitoci da ma'aikatan labo na jihohi su iya zuƙowa da shafawa da kyau ya fi arha nesa ba kusa ba a kan ɗora iyali gaba ɗaya a mota don awon mintoci.

Abubuwa biyu da ake yi a gida suna ɓata awon kafin a zo gare shi. Na farko sakiya ko tsaga a kan kumburi, wadda ke buɗe miki, ƙwayoyin cuta su shiga, allura ta riƙa fito da mugunya maimakon ƙwayoyin ƙarin. Na biyu magungunan kortikoyid irin su deksametazon da perednizon, waɗanda ake samu har a hannun masu tallar magani a kasuwa. Waɗannan na narkar da ƙwayoyin limfoma na ɗan lokaci. Kumburi ya saɓe, gida ya yi murna, sannan ya dawo, kuma idan aka soka allura a tsakanin nan sai a tarar da matattun ƙwayoyin da ba su karantuwa. Iyayen da suka riga suka ba yaro wani magani, na kanti ko na gargajiya, ya kamata su faɗa wa likita sunansa da ranar da aka soma, ko su zo da kwalinsa.

Kumburin da ya wuce sati biyu yana ƙaruwa, da ƙullutu mai tauri a ciki, da farin ƙyalli a ido, da ido mai turowa waje, da haƙoran da ke girgiɗi ba lokacin famfara ba, da ciwon ƙashi mai hana barci, duk sun isa a nemi majo na CSI ya rubuta takardar wucewa gaba. A tafi da karnen lafiyar yaro, da duk hotunan eko da radiyo, da takardun awon da aka yi a baya. Idan an taɓa zuƙo samfuri a wata likita, iyaye na iya neman a ba su gilasan su tafi da su, don likita na biyu ya duba da idonsa ba sai an sake soka wa yaro allura ba.